Igiya a Gidan Gomomi

Aikina na farko a wani ƙauye ne da ke bayan Cadawa, inda ɗan kabu-kabu ke sauke mutum a gindin wata kuka ya ce sauran sai da ƙafa, saboda rairayi. Na isa da akwati ɗaya da katifa a naɗe, kaina cike da abin da aka koya mana a makarantar horon malamai. Aka ba ni aji na biyu. Ajin rumfar kara ce, irin wadda iyaye ke kafawa in an gama girbi, don haka karatu bai kankama ba sai da gero ya shiga rumbu. Na so rumfar nan. Da hantsi rana takan ratso tsakanin karare ta zana layuka a fuskokin yara, ni kuwa in tsaya da alli a hannu ina kallonsu har in manta inda na tsaya da magana.

Lissafi ne ya fara hana ni sukuni. Yaran sun iya ƙirga da baki har ɗari, da Hausa da Faransanci, suna yi suna rausaya kamar masu waƙa. Amma in na ce a rubuta ashirin da uku, sai alluna su tashi sama in ga 203 a kan yawancinsu. Sun rubuta ashirin, sun ajiye uku a gefenta, yadda kunne ya ji. Ban ga laifinsu ba. Babu wanda ya taɓa nuna musu cewa biyu in ta matsa hagu sai ta zama ashirin, alhali kamarta ba ta sake ba. Ni kaina tun ina ƙarama abin nan yake ba ni sha'awa, na daɗe ina ganin lambobi kamar mutane masu gidaje a jere a unguwa ɗaya.

Sai na sa kowa ya zo da guntayen kara. Na share ƙasa a gaban rumfa na zana manyan gidaje biyu da sanda, na dama gidan ɗaiɗai, na hagu gidan gomomi. Dokar wasan ɗaya ce: gidan ɗaiɗai ba ya ɗaukar goma. Da karare sun cika goma sai a ɗaure su da kaba, su zama ƙulli ɗaya, a kai su maƙwabta. Abin ya fara shiga. To amma rumfa ba ta da ƙofa. Muka tafi hutun ƙarshen mako muka dawo muka tarar awaki sun cinye kabar sun watsa karan. Muka sake ɗaurawa, suka sake ci. Diraktan lakol ɗin, wato shugaban makarantar, wani dattijo mai son ba'a, ya leƙo ya ga ɓarnar ya ce, "Madam, awakin garin nan sun fi yaranki son kalkil." Lissafi yake nufi.

A nan ne tunani ya zo mini: me zai hana yaran su zama karan da kansu? Su shiga gidan ɗaiɗai ɗaya bayan ɗaya, aji na ƙirga su, in sun cika goma su koma gidan gomomi a dunƙule. Da farko na ce su riƙe hannun juna. Maza suka ƙi riƙe hannun mata, mata suka rufe fuska suna dariya, ƙullin ya watse tun kafin ya tsallaka layi. Akwai wata tsohuwar igiyar guga da aka jefar a bayan ajin dirakta. Na ɗauko ta na kakkaɓe. In yara goma sun cika sai in zagaye su da ita daidai ƙugu, in ƙulla sako-sako, wani yaro ya riƙe bakin igiyar ya ja su a hankali zuwa gidan hagu. Har 'yar waƙa na yi musu: goma ta cika, gida ya ƙi, a ɗaure a kai gaba.

Ban taɓa ganin aji ya yi murna irin ta makon nan ba. Kowa na son a ɗaure shi. Alluna suka fara dawowa da 23, da 31, da 14, kowace lamba a gidanta.

Akwai wata yarinya mai wushirya da take zaune a layin baya. 'Yar zango ce. Zangon nan wasu 'yan gidaje ne a arewa da gari, bayan gonaki, yaransu kan taho tare, su iso a makare saboda nisa, su zauna wuri ɗaya a kan buhunan da suka rage a baya. Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga hannu ba sai da aka fara wasan. Wata rana muka yi ƙulli biyu, babu wanda ya saura a gidan ɗaiɗai, na tambaya me za a rubuta a can. Sai na ji 'yar murya daga baya: "Madam, a rubuta ba kowa." Na ce da wace lamba? Ta tashi ta zo ta zana sifiri da yatsan ƙafarta a tsakiyar gidan, ta koma da gudu tana rufe baki. Ranar na koma gida kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Ranar da abin ya faru, layi-layi nake kira, sai ya faɗo kan layin baya. Suka shiga aka ƙirga su da ƙarfi, yara na nuna su da yatsa. Na zagaye su da igiya na ƙulla. Wadda ta riƙe bakin igiyar ɗiyar wani mai shago ce a cikin gari. Ana waƙa, ana tafi, ƙullin ya fara tafiya, sai na ji wani abu ya faɗi a ƙasa a bayana.

Wata tsohuwa ce, doguwa, siririya, damin kaba ya zame daga kanta bai dame ta ba. Daga daji ta fito, hanyar zango kuwa ta gefen lakol take bi. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ba ta amsa ba. Ta tako cikin gidajen da na zana har ta iso gaban yaran. Waƙa ta mutu da kanta.

"Ina za a kai su?" ta tambaye ni. Muryarta a kwance take.

"Nan ne kawai, Inna. Gidan gomomi. Lissafi muke yi, wasa ne."

Ta dubi inda na nuna, murabba'i ne a cikin rairayi. Ta dubi yarinyar da ke riƙe da igiya.

"Saki, ɗiyata. Hannunki bai san abin da ya riƙe ba."

Ta zaro 'yar wuƙar yankan kaba daga ƙugunta. Ƙullin sako-sako ne, da yatsa biyu za a kwance shi, amma ba ta kwance ba. Ta kama igiyar ta dinga yanka. Igiyar guga kauri gare ta, wuƙar kuma ƙarama, sai abin ya ɗauki lokaci. Babu wanda ya motsa. Har yau ina jin ƙarar wuƙar nan tana cin zare ɗaya bayan ɗaya. Da igiyar ta faɗi sai ta kama wuyan hannun mai wushirya.

"Kaka, wasa ne fa," in ji yarinyar.

"Wuce." Ta juya ga sauran. "Ku ma ku wuce gida."

Suka bi ta a jere, ba wanda ya koma ɗaukar allonsa. Damin kabar ma nan ta bar shi.

Dirakta yana tsaye a ƙofar ajinsa, ya ga ƙarshen abin. Ya kira ni gefe.

"Madam, su wa kika sa cikin igiyar?"

"Layin baya. Layinsu ne ya zo."

Ya cire hula ya shafa kai. "Layin baya duka 'yan zango ne."

"To, sai me?"

Ya daɗe yana kallona. "Ke a Maradi kika tashi ko a littafi? Je ki tambayi uwar ɗakinki. Ni bakina ba zai iya ba."

Matar da nake zaune a gidanta, wadda nake kira Gwaggo, gwauruwa ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ashe labari ya riga ni isowa.

"Zauna," ta ce. "Kin san su waye mutanen zango?"

"Manoma ne, Gwaggo."

"Yanzu manoma ne. Buzaye ne. Kakanninsu na mutanen Arewa ne, masu raƙuma." Ta ga ban gane ba. Ta nuna akuyarta da haɓa. "Nasu ne, nike ce miki. Kamar yadda waccan take tawa."

Na zauna a kan turmi. Na karanta tarihin bauta a lakol, na ci jarrabawa a kansa, har na taɓa kuka a kan wani darasi. Amma a kaina abin yana can bakin teku, da jiragen ruwa, da mutanen da suka mutu tun tuni. A Maradi Buzu a wurinmu shi ne mai rawani da ke gadin shago yana dafa shayi, muna wucewa muna tsokanarsa yana dariya. Ban taɓa tambayar kaina daga ina kalmar ta taso ba. Ashe abin yana nan kwance bayan gonaki kaɗan, kullum da safe kuma yana zuwa ya zauna a kan buhu a bayan ajina.

"Ai an daina tun da daɗewa," na ce.

"An daina. Kasuwarmu ɗaya, sahunmu ɗaya a masallaci. Amma je ki ce ɗansu kike so da aure, ki ji abin da gidanku za su ce." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ba a hwaɗi, shi ya sa ake zaune lahiya. Ke kuma kin zo kin zana shi a ƙasa da rana tsaka, har da waƙa, har da ɗiyar mai shago tana ja."

Washegari layin baya babu kowa sai buhuna da alluna. Na yi darasi ina kallon allo don kada in kalli can. Dirakta da mai gari suka je zango suka zauna da dattawa, aka yi bayani, aka ba da haƙuri. Bayan 'yan kwanaki yaran suka fara dawowa, yau biyu, gobe uku, suna shigowa kai a ƙasa. Mai wushirya ba ta dawo ba. Na tambayi 'yan'uwanta suka ce kakarta ce ke riƙonta, kuma ta ce lakol ta ƙare.

Na ɗauka na gama ganin abin mamaki. Sai wata la'asar na je rijiya da bokiti, na ji muryar waƙata daga nesa. Yaran gari ne, har da na ajina. Sun samo tsumman zane sun ɗaure ƙannensu uku, ɗaya na ja. Muryar tawa ce, amma sun sake ƙarshen: goma ta cika, gida ya ƙi, a ɗaure Buzu a kai Arewa. Makon da ya wuce yaran nan ba su san komai ba. A bakin iyayensu suka tsinta, a hirar da aka dinga yi a gidaje tun ranar. Matan da ke jan ruwa wasu suka kau da kai, wata ta yi dariya ta rufe da gefen mayafi, wata tsohuwa ta ce, "Ku bari, marasa kunya," ba tare da ta daina ja ba. Na ce su kwance, da wata murya da ban san ina da ita ba. Suka watse. Na koma gida da bokiti babu ruwa.

Ranar Laraba da rana ba a karatu. Gwaggo ta ƙulla mini goro a ganye ta ce in gaishe ta da kyau, kada in yi saurin magana. Na bi hanyar gonaki, karan gero a tsaye ba zangarniya, shanun Fulani na kiwo a ciki. Na sami tsohuwar a inuwar wata aduwa tana saƙar tabarma. Na durƙusa. Muka gaisa, gida, gajiya, sanyi, har gaisuwa ta ƙare babu sauran abin tambaya. Ta karɓi goron ta ajiye a gefe.

"Inna, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani da ba don igiya zan zaro wuƙa ba." Ta ci gaba da saƙa. "Uwar uwata a bakin rijiya anka ɗauke ta, ita da wasu. Ruwa sunka je ɗiba. Igiyar gugan da sunka tahi da ita, da ita anka ɗaure su. Ita ta hwaɗa ma uwata, uwata ta hwaɗa mini, sau ɗaya."

Ina kallon yatsunta suna shiga suna fita cikin kaba.

"A gidan nan ba a sa ma yaro igiya, ko da wasa. Ba a nuna shi da yatsa a ƙirga shi kamar tunkiya. Yara sun san an hana, ba su san dalili ba, haka kuma nike so. Na so in mutu yarinyar nan ba ta tambaye ni ba. Muna isowa gida ta tambaye ni."

"Me kika ce mata?"

"Mi zan ce? In yi mata ƙarya da hurhurata?"

A ƙarƙashin zanar da ta kewaye gidan na hango ƙafafu biyu ƙanana, a tsaye, ba sa motsi. Na san ƙafafun. Ɗaya daga cikinsu ce ta zana mini sifiri.

"Inna, ki bar ta ta dawo. Kanta na da kyau ƙwarai."

"Ni za ki gaya ma kanta? Ni ke mata kitso." Ta ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Can za su kira ta da sunan da ba ubanta ya raɗa mata ba. Kin ji waƙar da ake yi a rijiya?"

Ashe har nan ta iso. Na ce na ji.

"Za ki iya hana su?"

Na so in ce zan iya. Kalmar tana bakina. Amma na tuna matar da ta yi dariya cikin mayafi.

"A cikin aji zan iya. A hanya da bakin rijiya, ban sani ba."

Ta daɗe tana dubana, sa'an nan ta koma ga tabarmarta. "Rana ta yi, ɗiyata. Ki gaida mutanen gida." Na tashi na taho. Ƙafafun nan ba su fito ba.

Wani mako ya wuce, na fara sabawa da gurbinta da ke layin baya. Sai ran Litinin, muna cikin gaisuwar safe, inuwa ta tare ƙofar rumfa. Tsohuwar ce, da ƙullin kaba a hammata, jikarta a gabanta. Ta tura yarinyar ciki da tafin hannu. Ita kuma ta shimfiɗa gefen zanenta a bakin ƙofa ta zauna, ba ni take fuskanta ba, yaran take fuskanta. Ta fara saƙa.

Na ce, "Inna, in kawo miki benci daga ajin dirakta?"

"Yi aikinki."

Haka na yi darasi da ita a ƙofa ranar, da washegari, da sauran makonni. Dirakta ya zo zai yi magana, ya dube ta, ya gaishe ta, ya koma. Lokacin hutun hantsi sai ta ja kabarta ta koma inda yara ke wasa. Ran nan wani yaro ya fara rera muryar waƙar a hanci, ba kalmomi, yana satar kallon 'yan zango. Ta kira shi da yatsa.

"Kai, zo. Ba jikan mai dawakin nan ba ne na ƙofar yamma? Wata shekara da ruwa ya ƙi, kakanka a ƙwaryata ya sha hura. Ka tambaye shi. Ka ce ina gaishe shi."

Yaron ya tsaya kamar an dasa shi. Daga ranar ban ƙara jin waƙar a lakol ba. A rijiya kuwa ban san ranar da ta mutu ba, don na daina zuwa da la'asar.

Mun koma lissafi da karare da 'yan duwatsu. Mai wushirya tana yin komai daidai, tana riga kowa gamawa. Amma ba ta ƙara yin magana ba sai an tambaye ta. In an yi abin dariya sai ta dubi ƙofa tukuna. Shekarunta ba su fi takwas ba, wani lokaci kuwa in na ɗago sai in ga tana kallon ɗiyar mai shago, ba da fushi ba, kallon wanda ke son ya gane wani abu. Wannan kallon ya fi wuƙar ba ni tsoro.

Da zafi ya shigo, wata safiya na ga yarinyar ta shigo tare da 'yan'uwanta, babu kakarta.

"Ina Inna?"

"Ta ce tabarmarta ta ƙare." Ta gyara allonta a hammata. "Kuma ta ce Faransancinki na sa ta barci."

"Ba za ta ƙara zuwa ba?"

"Ta ce in an neme ta, ta san hanya."

Ta wuce ta zauna ta ɗora allo a gwiwa tana jira in fara.